Abin da Na Gani Cikin Jinina a Ingila

Yau wata uku ke nan da na sauka daga motar Kano a tashar Wudil, amma har yanzu ban zauna a majalisarmu ta bakin gada ba sai wani ya ce, "Malam Ilyasu, ba mu labarin Ingila." In na fara, wannan ya katse ni da tambayar ko gaskiya ne Turawa suna kwana ɗaki ɗaya da karnuka, wancan ya ce shi dai a faɗa masa ko suna da shanu masu tozo. Kafin in kai ga abin da ya kai ni can, an kira la'asar, kowa ya kama buta. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi tun daga tushe, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ina koyar da kimiyya a makarantar sakandare lokacin da arzikin mai ya ɓarke a ƙasar nan. Kun dai tuna: kowane saurayi da rediyo a kafaɗa, sababbin babura ko'ina, tireloli ɗauke da siminti suna girgiza gadarmu tun safe. Gwamnati kuwa neman waɗanda za ta tura karatu waje take yi ruwa a jallo. Ana cikin haka tsohon malamina na jami'a ya rubuto mini cewa wani kamfanin haɗa magunguna a Ingila yana son ɗalibi ɗaya daga ƙasashenmu ya je ya yi shekara biyu a ɗakin bincikensu. Da na kai layin da ya faɗi cutar da suke bincike a kai, sai da na ajiye takardar na zauna. Amosanin jini ne.

'Yata Ummi tana da shekara uku a lokacin, kuma ciwon da take fama da shi ke nan tun tana rarrafe. In ya tashi, hannayenta da ƙafafunta su kumbura, idonta ya yi ɗorawa, ta yi ta kuka har muryarta ta dushe. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka Inna ba ta kiranta sai da "takwara", kuma duk gidan ba wanda ya kai ta son yarinyar. Sai dai Inna ta riga ta yanke hukunci cewa ciwon daga Darki ya zo, garin su matata Hauwa, don an taɓa cewa wani ɗan kawun Hauwa ya rasu da irinsa. Ba faɗa take yi ba. In ciwon ya tashi, sai ta ja numfashi ta ce, "Jinin Darki ke nan." Hauwa ta sunkuyar da kai ta ci gaba da gasa wa yarinyar ƙafa da ruwan ɗumi.

Ranar tafiya Inna ta ƙulle mini kuka da daddawa da yaji da kilishi cikin wani tsohon zane. Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗar sunana. "Kai," ta ce, tana duban bango, "in ka samo maganin takwarata, kada ka tsaya yawo."

Hauwa ta rako ni zaure, Ummi a bayanta. "Allah ya kiyaye hanya, Malam," iyakar abin da ta ce ke nan.

Ranar Juma'a ce, ranar da kara, kasuwar shanun garinmu, ke ci, ban yi wannan lissafin ba. Muna hawa titi muka tarar da garken shanu ya cika hanya, motarmu ta bi bayansu taki-taki, direba yana ta danna oda, makiyayan ko waiwaye ba su yi ba. Na isa filin jirgin Kano gumi sharkaf cikin sabuwar kwat ɗina, ina tsammanin an tashi an bar ni, sai na tarar jirgin ma bai iso ba tukuna. A cikin jirgi na zauna kusa da wani Alhaji mai tafiya sayen injinan ba da wuta. Ya tambaye ni me zan saro, na ce karatu zan yi a kan jini. Ya dube ni da tausayi ya ce, "Allah ya sa da riba."

A filin jirgin Landan ma'aikacin shige da fice ya juya fasfona ya ce wane aiki zan yi. Na ce hoton jini zan ɗauka. Ya dube ni ya sake duban takardar kamfanin, sannan ya tura ni wani ɗaki aka ɗauki hoton ƙirjina, don su tabbata ban kawo musu tarin fuka ba. Daga nan sai kwastan. Mutumin ya kwance ƙullin Inna, ya ga garin kuka kore shar, nan take ya kira abokin aikinsa. Suka shinshina, suka murza, suna zaton kayan maye ne. Na yi ta rantsuwa miya ce. Da suka kai ga daddawa, na farkon ya ja baya har ya bugi tebur. Kilishin suka riƙe, wai nama ba ya shiga ƙasarsu. Daddawar kuwa da sauri suka miƙo mini abata, da ɗan yatsa biyu.

Garin da kamfanin yake tafiyar sa'a guda ne a jirgin ƙasa. Na shiga tarago na tarar da mutum biyar, na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda aka koya mana. Huɗu ba su ɗago ba. Na biyar ya sauke jaridarsa ya ce da alama za a yi ruwa, ya mayar da ita fuskarsa. Na ji haushi ƙwarai. Sai da na yi watanni na gane cewa maganar ruwan nan ita ce "ina gajiya" da "yaya iyali" ɗinsu gaba ɗaya, kuma mutumin ya yi mini karamci ne iyakar yadda ya iya.

An sama mini ɗaki a gidan wata tsohuwa, Misis Palma. Mijinta ya rasu, ɗanta guda yana wata ƙasa mai nisa, sai kati yake aiko mata ranar Kirsimeti. Ita kaɗai take zaune da kyanwa. Maƙwabtanta sun shekara ashirin bango ɗaya da ita, ba wanda ya taɓa shiga ɗakin girkinta. Ranar farko na yi ta sauraron ko zan ji wani ya yi sallama, shiru har na yi barci. Na ce mata ba na cin alade, ba na cin abin da ba a yanka ba. Ta ce to, ta ɗora ni kan ƙwai da kifi da dankali da kabejin da aka dafa har ya fita hayyacinsa, ba gishirin kirki balle yaji.

Buta ce ta fara ba ni wahala. Na rasa abin shiga bayi da shi, sai na ɗauki kwalbar madara da ba kowa a ciki na ɓoye bayan ƙofa. Ashe kwalaben nan ƙidaye suke, mai madara yana karɓarsu kowace safiya. Kwana uku Misis Palma tana neman kwalbarta, rana ta huɗu ta gan ta. Ba ta ce mini uffan ba. Washegari na tarar da sabuwar 'yar butar ban-ruwan furanni, koriya, an ajiye a daidai wurin. Tun daga ranar na san zan iya zama da matar nan. Ranar da na tuƙa tuwon semo na kaɗa miyar kuka kuwa, ta sauko tana buɗe tagogi, wai ɓera ya mutu ƙarƙashin daɓe. Daga baya ta ɗanɗana da ƙaramin cokali, ta ce ba laifi, amma ba ta ƙara ba.

Shugabar ɗakin bincikenmu wata gajeriyar mace ce mai furfura, Dokta Rut, kan keke take zuwa aiki ko ana ruwa. Ta ce in riƙa kiranta Rut kawai. Na gwada sau ɗaya, bakina ya ƙi, ta yi sa'ar Inna. Har na taho Dokta nake ce mata, ita kuma tana ce mini Malam, don ta tambayi yadda ake kirana a gida. Sai wani dattijo mai suna Tom, shi ke kula da injina da ƙera duk abin da muke bukata. Ranar da aka gabatar da ni, ya goge hannu a rigarsa ya ce da Hausa, "Sannu da aiki!" Na kusa faɗuwa. Ashe lokacin yaƙin duniya ya yi wata shida a Kano yana gyaran jiragen sama. Hausarsa ba ta wuce wannan da "ba kome" da "kawo ruwa" ba, amma kullum da safe sai ya kashe mini su duka.

To, ga aikin, tunda shi ne kuka fi tambaya kuma shi ne ba ku taɓa bari na ƙarasa ba. Cikin kowace ƙwayar jini akwai wani sinadari da ke ba jini jan launinsa, shi ke ɗaukar iskar da muke shaƙa ya kai wa jiki. Sunansa himogulobin. Na mai amosanin jini ya bambanta da na sauran mutane a wuri ɗaya tak. Saboda wurin nan, da zarar ya sauke iskar da ya ɗauko sai ya manne da ɗan'uwansa, su yi dogon zare, su lanƙwasa ƙwayar jinin ta koma kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Ciwon da ke sa yaro kururuwa ke nan. Abin da kamfanin ke nema shi ne wani ɗan ƙaramin sinadari da za a haɗiya, ya je ya zauna a jikin himogulobin ya hana shi mannewa. Amma maƙeri ba ya ƙera ruwan fartanya sai ya ga ƙotar. Aikinmu shi ne mu ga siffar himogulobin, mu nemo gurbin da magani zai zauna, mu faɗa wa masu haɗa sinadarai da ke bene na sama faɗinsa da zurfinsa.

Matsalar ita ce ba madubin likitan da zai nuna maka shi, ya yi ƙanƙanta. Sai ka tace shi daga jini, ka lallaɓa shi cikin ruwan gishiri ya daskare ya zama 'yar ƙwaya mai kusurwa, kamar alif ɗin da muke jefawa a ruwan kogi, amma ja, kuma ba ta kai ƙwayar gero ba. Ka saka ta cikin siririn bututun gilashi, ka haska ta da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi. Abin da ke fitowa a fim ɗige-ɗige ne kawai, kamar jikin zabuwa. Ka auna duhun kowane ɗigo, ka huda kati, ka kai wa kwamfuta, wadda ta cika ɗaki guda. Ita za ta yi lissafi ta ba ka taswira, a zana a kan faifan gilashi, a jera su hawa-hawa. Sannan Tom ya kawo wayoyin tagulla mu lanƙwasa su bisa taswirar, har siffar ta tashi ta kai ƙirjin mutum.

Wata uku na yi ina zuba ruwa a kwalabe cikin ɗakin sanyi, ɗakin da aka mayar kamar cikin firji, ban ga ƙwaya ko ɗaya ba. Ina shiga da kwat biyu da hular ulu da Misis Palma ta saƙa mini. Ranar da na leƙa madubi na ga ƙwayoyina na farko, jajaye, masu kyau kamar an yanka da wuƙa, na ɗauki kwalbar na ruga in nuna wa Dokta. A hanya na haɗu da Tom, na tsaya muka gaisa sosai, kwalbar tana cikin tafina. Kafin in isa, ɗumin hannuna ya narkar da su. Dokta ta duba, ta ga jan ruwa kawai.

"Ka rubuta yadda ka haɗa?" ta tambaya.

"Na rubuta, Dokta."

"To ba abin da ya ɓata. Ka sake. Gobe kuma ka gaishe da Tom bayan ka ajiye kwalba."

Wata rana kuma na zame a matakala da akwatin katunan kwamfuta, aikin mako biyu, suka watse har ƙasa. Tom ya zo ya tsugunna yana tayani tsincewa yana cewa, "Ba kome, ba kome." Shi ya koya mini in ja layi da alƙalami a gefen katunan tun daga na farko har na ƙarshe, don ko sun zube a san jerinsu.

Cikin hunturun farko wasiƙar Hauwa ta zo. Ta gama firamare, da hannunta take rubuto mini. Ta ce ciwon Ummi ya tashi da sanyin nan, an kwantar da ita a Kano, an ƙara mata jini, amma ta samu sauƙi. Ta ce wasu mata sun zo dubiya, Inna ta yi maganar da ta saba a gabansu. A ƙasan takardar ta ƙara layi ɗaya: "Malam, in jinina ne, ka tambayi Turawan ko ana wanke shi."

Na amsa mata da labarin dusar ƙanƙara da kyanwar Misis Palma. Ban taɓa wannan layin ba.

Ba a yi wata ba aka bukaci jinin mai lafiya don gwaji. Al'adar ɗakin ce ma'aikata su ba da nasu, ranar kuma layi ya zo kaina. Kafin a yi amfani da kowane jini, sai an ɗiga shi a kan wata takarda an sa mata lantarki. Jinin mai lafiya yakan ja layi ɗaya. Na mai amosani ma layi ɗaya, amma a baya kaɗan. Dokta Rut ta kira ni ofishinta ta rufe ƙofa, ta ajiye takardata a gabana. Layi biyu ne.

"Ka san ma'anar wannan, Malam."

"Na sani. Rabi da rabi."

"Kai ba za ka yi ciwon ba. Amma 'yarka ta karɓi rabi daga gare ka, rabi daga uwarta. Ba ya zuwa ta gefe ɗaya."

Na ce na sani. A nan ne zan faɗa muku abin da ban taɓa faɗa a bakin gada ba. Tun ranar da likita a Kano ya fara gano ciwon Ummi, ya gaya mini wannan maganar. Da Turanci ya faɗa, Inna da Hauwa suna zaune a kan benci suna kallon bakinsa. Da muka fito Inna ta ce, "Me ya ce?" Na fassara musu komai, batun sanyi, batun shan ruwa, batun maganin zazzaɓi. Wannan guda ɗayar na tsallake. Na ce a raina ai ba a gwada ni ba, wataƙila likitan ya yi kuskure. Da Inna ta fara cewa jinin Darki, na ga shirun ya fi mini sauƙi, na ci gaba da shi shekara biyu.

Ban san abin da Dokta ta gani a fuskata ba. Ta kunna taba, ta tura tagar ofis, ta ce, "Matarka ta sani?"

Na ce a'a.

"Ni aikina ƙwayoyi ne, ba na shiga gidan mutane," ta ce. "Amma maganin da muke nema zai yi shekaru, in ma ya samu. Wannan takardar kuwa yau ta fito."

Sau uku na rubuta wasiƙar ina yagawa. Ta huɗun na jefa a akwatin gidan waya da sauri kafin in sake tunani. Na faɗa wa Hauwa komai, har da ranar benci. Amsarta ta yi mako biyar kafin ta zo. Ta ba ni labarin Ummi ta fara zuwa makarantar allo, an yi wa gidanmu wutar lantarki, akuyarta ta haifi biyu. Sai a ƙarshe: "Na ga abin da ka rubuta. Na yi kuka, na kuma gode Allah. Inna kuwa, ba daga bakina za ta ji ba."

A shekara ta biyu aiki ya yi kyau. Mun sami wani gurbi a tsakiyar himogulobin, masu haɗa sinadarai suka yi ta ƙera abin da zai shige shi. Sukan sauko da farar hoda a 'yar kwalba, in jiƙa ƙwayoyina a ciki, in ɗauki hoto, mu jira kwamfuta. Sau da yawa taswira takan fito wayam, gurbin ba kowa. Wani lokaci mu ce musu ya yi tsawo, su rage masa wutsiya, su dawo bayan wata guda. Azumi ya same ni a wannan aikin, lokacin da ranarsu ba ta son faɗuwa. Tom ya daina cin abincinsa a gabana, ya koma ci a bayan injin, yana zaton ban lura ba.

Ranar wata Talata da hantsi na jera faifan gilashin sabuwar taswira, na kunna fitilar ƙasa, sai ga shi. Cikin gurbin da ya saba zama fanko, ga wani dunƙule mai kai da jiki da 'yar wutsiya, daidai siffar abin da aka ba ni a kwalba. Na ƙirga kusurwoyinsa sau biyu kafin in kira kowa. Dokta ta zo ta duƙa ta daɗe, sannan ta miƙe ta ba ni hannu, abin da ba ta taɓa yi ba. A duniya ba wanda ya riga ni ganin abin nan. Na shiga ɗakin ajiya na yi sujada a kan kwali. Da aka zuba shi cikin jinin mai amosani a kwalba, ƙwayoyin suka ƙi lanƙwashewa. Na leƙa madubi na gan su kewayayyu, lafiya lau, na ce a raina Ummi ta warke.

Watanni huɗu bayan haka aka tara mu a wani ɗaki mai dogon tebur. Masu gwaji a kan dabbobi suka yi bayani. Himogulobin yana da yawa ƙwarai a jikin mutum, kafin magani ya kai ga isasshensa sai an sha da yawa, kuma da yawan nan yana lalata hantar ɓeraye. Wani mai baƙar kwat daga ofishin manya ya yaba mana, ya ce za a dakatar da aikin, za a mayar da ɗakinmu kan wata cutar. Na ɗaga hannu na ce a garinmu kusan kowace unguwa akwai mai ciwon nan. Ya ce ya sani, ya yi baƙin ciki, kuma na ga alamar da gaske yake. Aka tashi shan shayi.

Na tarar da Dokta tana naɗe taswirorin tana rubuta suna a jikin kowace. Na ce, "Shi ke nan, Dokta, shekara biyu ta tafi a banza?"

"Gurbin yana nan," ta ce. "Mun nuna akwai shi, mun nuna ana iya shigarsa. Za mu buga a mujalla, da sunanka a ciki. Wani zai zo ya ƙera abin da hanta za ta ɗauka. Wataƙila ba na raye."

"'Yata shekararta biyar."

Ta ajiye alƙalami. "Na sani, Malam. Ba ni da abin da zan ce maka a kan wannan." Ta zauna ta rubuta mini da hannunta duk abin da likitocinsu suka sani na kula da irin waɗannan yara, shafi huɗu, ta kuma sa Tom ya haɗa mini ƙaramin akwatin gwajin takarda da lantarki, irin wanda ya nuna layina biyu. Shi ne yanzu nake aiki da shi a Kano.

Misis Palma ta rako ni tashar jirgin ƙasa da laima. Ta ce in gaishe da mahaifiyata, ta ce tana da sa'a ɗanta yana komawa gida.

Kwana uku gidanmu a Sabon Gari bai rabu da 'yan sannu da zuwa ba. Ummi ta yi tsawo, siririya, ta ɓuya bayan uwarta tana leƙena. Rana ta huɗu da hantsi, gida ya yi shiru, na shiga ɗakin Inna. Tana zaune a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa muka gaisa, ta tambayi hanya, ta tambayi mutanen can. Sannan ta ce, "Ina maganin takwarata?"

"Ban samo ba, Inna. Mun kusa, bai yiwu ba."

Hannunta bai tsaya ba. "Allah bai nufa ba."

"Akwai wata magana kuma. An gwada jinina a can. Ciwon nan ba ya kama yaro sai ya gado shi ta wajen uwa da ta wajen uba, su biyun. Rabin na Ummi daga jikina ya fito. Likitan Kano ya faɗa tun ranar farko, ni ne na ɓoye muku."

Ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, abin da ban tuna ta taɓa yi ba tun ina yaro.

"Kai kuma daga ina ka samo?"

"Daga wajenki ko wajen Baba, Allah ya jiƙansa. Ba a sani ba sai an gwada."

Ta ture faifan gyaɗar gefe. Da ta yi magana, muryarta ta yi ƙasa.

"Habu da Lami," ta ce. Ƙannena ne, sun rasu ina ƙarami, an ce mini zazzaɓi ne. "Su ma hannayensu sun kumbura. Haka suka yi ta kuka. Ranar da na fara ganin hannun takwara, na gane shi. Na ce ya Allah, kada ya zama ni ce na kawo wa yarinyar nan." Ta goge ido da gefen mayafi. "Da aka ce wani ya mutu da shi a Darki, sai na kama."

Na ce Allah ne ya ƙaddara, ba laifin kowa ba ne. Ta ce ta sani, amma bakin da ya yi magana nata ne.

"Kira mini matarka," ta ce. Na yunƙura zan tashi, ta ɗaga hannu. "A'a. Zauna."

Ta dafa bango ta miƙe, ta gyara ɗaurin zaninta, ta zura takalmi. Ina kallo ta ƙofa ta ratsa tsakar gida a hankali, ta wuce rijiya, ta wuce turmi. Shekara bakwai Hauwa tana gidan nan, Inna ba ta taɓa taka ɗakinta ba, sai dai ta aika a kira ta. Ta tsaya a bakin labule ta yi sallama, ta jira sai da aka amsa, sannan ta cire takalmi ta shiga.